Waƙar da Ban Tambayi Mama Ba

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙarin haƙurinmu? Mu nan Sentul, a Malesiya, har yanzu muna cikin kullen annoba.

Jiya maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar ƙasar nan, ta miƙo mini wayarta daga bakin ƙofa. Bidiyon wasan masu jita ne na zamanin ƙuruciyarta, 'yan mata suna ihu suna kuka, wasu har suma. Ta nuna ɗaya ta ce, "Ni ce nan, lah!" Tana dariya, ni kuwa sai hawaye.

Kin tuna ranar da Mama ta fara ba mu labarin masu jitar da suka zo Jos, yadda ta yi ihu har muryarta ta dishe, ta dawo gida da takalmi ɗaya? Na ce, "Haba Mama, shugabar zumuntar mata guda!" Daga nan ba ta ƙara tayar da zancen ba. Ga shi an binne ta ba na nan.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a. Don Allah ki tambayi Goggo Saratu, tare suka je: wace waƙa ce?

Ƙanwarki,
Ladi