Baƙina Sun Kori Ƙawar Tsohuwata

Malama Bahijja, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, yau dai mai ba mutane dariya ne ya zo da kuka. Ki yi haƙuri da rubutuna, ni da biro tun firamare muka raba gari. Amma baki kam alhamdu lillahi, ki tambaya kaf Dukawuya, ko akuya ta san ni.

Sana'ata zagayawa da baƙi cikin gari. Dala, Kurmi, ganuwa, ba inda ban kai mutane ba. Turancina na kasuwa ne, amma na taɓa ba wani Bature dariya sai da ya zauna a ƙasa. To bara sai na ɗauki tsohuwata a waya tana kaɗin auduga a ɗakinta, ɗakin ƙasa ne na kakanni, rufin azara, ga jeren kwanukanta tun na aure suna ƙyalli. Na ɗora a intanet don wasa kawai. Malama, abu ya tashi! 'Yan Legas, 'yan Abuja, ɗalibai, kowa sai a kai shi ya ga Inna. Ni kuwa ina ta fankama, ina cewa gidanmu ya fi gidan tarihi kasuwa.

Maza a zaure nake tsayar da su, mata su shiga. Kin san tsofaffinmu, ba a korar baƙo. Duk wadda ta yi sallama sai Inna ta miƙe ta ɗebo mata ruwan randa, ta tambayi mutanen gida, ta murza mazari a ɗauka. Wata ta ce a sake, haske bai yi ba, ta sake. In na tambaye ta ko ta gaji sai ta ce ba komai, Allah ya yi wa nema albarka.

'Yata Firdausi da ke jami'a ita ta fara ɓata min rai. Wai abin da nake yi sunansa obaturizim, haka dai kunnena ya ji, wai baƙi sun fi ƙarfin wuri. Na ce ke tafi can, wannan kalma ta manyan biranen Turai ce, ina ita ina ɗaki ɗaya a lungu? Ta ce in buɗe ido. Na ce kaf zuri'armu ba mai girman idona.

Amma fa sai na fara lura. Inna ta daina barcin rana. Da hijabi take wuni a tsakar gidanta, ita da ke zama da ɗan kallabi tana shan iska. 'Yar waƙar da take yi ƙasa-ƙasa in tana kaɗi ma ta ɗauke. Babbar damuwar ita ce Iya Jummai, ƙawarta tun 'yan matanci, kullum bayan la'asar sai ta dogaro sanda ta zo su raba goro su yi hirar duniya. Ita ko kaɗan ba ta son hoto. Ranar nan ta shigo, wata yarinya ta saita mata waya a fuska, ta ja mayafi ta juya. Ba ta sake dawowa ba. Shekaranjiya na buɗe wani kwanon Inna ina neman mukulli, sai ga ɓarin goro a jiƙaƙƙen tsumma, da yawa, wasu har sun bushe. Ashe kullum sai ta ɓare ta ci rabi ta ajiye wa ƙawarta rabi. Ni da ba na kuka ko a makoki, sai da na fita zaure na ce wa mutane hayaƙi ne.

To shin kalmar nan ta Firdausi ta hau kaina? Kuma ya zan yi? Da wannan sana'ar nake cefane, har maganin ƙafar Inna. In na rufe ƙofa tukunya ta huce, in na bari kuma ga tsohuwa tana cin goro ita kaɗai.

Naki, Sarkin Baƙin Dukawuya, ni na naɗa kaina.

AMSA

Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe Sarkin Baƙi. Ka ba ni dariya, kuma ka sa ni hawaye ba tare da hayaƙi ba.

Kalmar ita ce overtourism, ma'anarta yawon buɗe ido da ya wuce kima. Ka yi gaskiya, an fi jin ta a kan manyan birane da wuraren tarihi. Sai dai ba da girman wuri ake auna ta ba, ba kuma da yawan baƙi kaɗai ba. Ana amfani da ita ne idan zuwan baƙi ya fara takura wa masu wurin har suka sauya rayuwarsu. Duk inda tsohuwa ta kasa cire hijabi a tsakar gidanta, to kalmar ta sauka, ko da ɗaki ɗaya ne. Firdausi ba zaginka ta yi ba, kuma kalmar ba ta ce baƙi mugaye ne ba. Cewa take yi a sa iyaka.

Ba zan ce ka bar sana'arka ba. Halak ce, kuma ka sa yaran zamani sun ga kaɗi da idonsu. Wataƙila ma Inna na jin daɗin yabon, yawan ne ya yi yawa. Amma kada ka ƙara tambayarta ko ta gaji, uwa ba za ta ce wa ɗanta ya daina nema ba. Ka sa Firdausi ta bugi cikinta a cikin hira, ita za ta jiyo maka gaskiya.

Sannan ka ware rana ɗaya ko biyu a mako, da hantsi, mutane kaɗan. Waya ta tsaya a zaure sai in Inna ta yarda. Ruwan baƙi kai za ka ajiye musu a zauren, don tsohuwa ta huta da tashi. Daga azahar kuwa gida ya koma gida. Sauran ranakun ga Dala ga Kurmi, kuma na tabbata rabin baƙin nan bakinka suke biyowa.

Kafin duk wannan, gobe ka sayi goro mai kyau ka je gidan Iya Jummai da kanka, ba aike ba. Ka durƙusa ka ba ta haƙuri, ka yi mata alkawarin la'asar tata ce, ba waya ba baƙo. Wanda ya zaunar da Bature a ƙasa ba zai kasa taso da tsohuwa ɗaya ba. Ka riƙo mata hannu har ƙofar ɗakin Inna, sannan ka koma zaure ka yi gadi.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya yi wa nemanka albarka, ya sa kada goro ya sake bushewa a kwanon nan.