Kwalbar Baba ta Ƙarshe

Talata, 4 ga Maris

Ban gaya wa kowa ba, amma kwalbar tana wurina. Tana ƙasan akwatin kayana, nannaɗe cikin tsohuwar rigar makarantata. Ita ce ta ƙarshe da Baba ya cika kafin a kai shi asibitin da bai dawo ba.

Aikinsa ke nan duk Talata, tun kafin a haife ni. Ya hau tudun bayan gari da kwalbar gilashi, ya fuskanci inda iska ke tahowa, ya riƙe numfashi, ya buɗe ta zuƙi iska, ya rufe. In akwati ya cika a zo a ɗauka. Wai can inda ake kai su ake auna hayaƙin da ke ɗumama duniya, a gane daga ina yake fitowa, kuma me ke shanye shi. Maƙwabta kan tsokane shi, "Malam, a ɗebo mana mai sanyi!" Shi kuma ya ce, "Ku miƙo kwanonku."

A ranar ta ƙarshe tari yake ta yi. Na tabbata numfashinsa ya shiga ciki. Shi ya sa na ɓoye ta.

Alhamis, 6 ga Maris

Auta ya tambaya yaushe Baba zai dawo ya ɗauki hularsa. Umma ta shige kicin ta kunna famfo.

Asabar, 8 ga Maris

Anti mai kwalabe ta zo, matar da ke karɓar akwatin. Bayan gaisuwa ta buɗe, sai ga gurbi ɗaya fayau. Umma ta birkita ɗaki, har ƙarƙashin gado ta shiga, tana cewa mutumin da ko murfi bai taɓa yarwa ba.

Anti ta ce, "Maman Auta, bar shi. Sai a ce an rasa na wannan makon."

Umma ta miƙe, gwiwoyinta duk ƙura. "Ba a rasa ba. Ina kallo ya fita, yana dafa bango."

Ina bayan ƙofa. Ban fito ba. Anti ta bar akwatin, wai ko kwalbar za ta fito.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kara kunnena a jikin kwalbar. Sanyi kawai. Wauta.

Talata, 11 ga Maris

Anti za ta riƙa cikawa da kanta kafin a samu wani. Umma ta ce in nuna mata hanya. Anti ta tsayar da ni can bayan iska, ta kumbura kumatu kamar kwaɗo. Da Baba ne da na yi dariya.

Muna saukowa na tambaye ta, idona a kan takalmina, in mutum yana tari fa?

Ta ce da sun gani nan take. Numfashin mutum cike yake da hayaƙin nan, ko ɗigo ya shiga sai awo ya yi tsalle. "Amma na babanki tas suke, har a watannin ciwonsa. Daga gadon asibiti ya kira ni, wai in kwantar da hankalina, ta ƙarshen nan tsaf take, sai da ya rufe ya juya baya sannan ya saki tarin."

Ban san na zauna a kan dutse ba.

Na ce to ina numfashin nasa ya tafi? Ta dube ni. Ta ce wani itatuwan nan sun sha, wani teku, sauran yana sama yana yawo, kuma zai daɗe. Ba ta tambaye ni komai ba. Ina jin ta gane.

Laraba, 12 ga Maris

Na yi fushi da Baba yau. Duk faɗin duniya numfashinsa ya shiga, sai wuri ɗayan nan da na rungume. Ko ɗan kaɗan bai bar min ba. Allah ya yafe min.

Alhamis, 13 ga Maris

Umma har yanzu nema take. Yau bayan firij.

Asabar, 15 ga Maris

Da safe Umma tana shanya na mayar da kwalbar gurbinta. Ba wai na haƙura ba ne. Kawai ya sha wahala a kanta, yana dafa bango, bai kamata a ce an rasa ba.

Umma ta buɗe akwatin ta gani. Ta dubi kwalbar, ta dube ni. Na jira faɗa. Sai ta gyara min ɗankwalina ta ce in je in wanke wa Auta ƙafa.

Na buɗe tagar ɗakinmu, wadda na rufe tun ranar da ya rasu. Yau a buɗe zan bar ta.