Jarumin da Ya Juya da Baya

Litinin, 4 ga Maris
Malamar da ke duba aikina ta dawo mini da babi na biyu, jan biro kamar an yanka kaza a kai. Aikin a kan wani jarumi ne a tsohuwar waƙar Ingilishi, wanda ya bar ubangidansa kwance da rauni a bakin kogi ya juya dokinsa. Masana duk sun ce matsoraci ne. Ni na ce taimako ya tafi nema. Ƙa'idarta ɗaya: kowace magana, a rubuta lambar baitin da ya tabbatar da ita a gefe. Ta rubuta, "Wane baiti?"

Alhamis, 7 ga Maris
Yaya ta kira sau huɗu. Kwanan Baba ashirin a asibiti tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Sau ɗaya na leƙa, na ga bakinsa a karkace, ƙafata ta ƙi ƙarasawa ciki. Na ce mata aiki ya sha kaina. Ta ce, "Auta, ko kunya ba ka ji?"

Asabar, 9 ga Maris
Baiti ɗari tara na bi da yatsa a laburare. Babu.

Laraba, 13 ga Maris
Na koma ofishin malamar da hujjoji na kame-kame. Ta cire tabarau ta ce, "Kai lauyansa ne ko ɗalibi? Me ya sa ka damu haka a wanke shi?" Na tsaya ina kallon fankar silin. Wallahi na tsani matar nan. Na tsani jarumin ma, da mawaƙin da ya kasa ƙara masa layi ɗaya ya rufa masa asiri. Idan babin ya rushe, ba ni fita bana. Ni da kaina na gaji da kaina.

Lahadi, 17 ga Maris
Na soke shafi sha ɗaya. Na rubuta: tsoro ya ji. Baiti na 612, yana nan tun farko, na sha tsallake shi.

Da la'asar na bi ta asibiti, tunda hanya ce. Abin yankan farce kawai Yaya ta miƙo mini. Ina cikin yanke wa Baba ya dube ni ya ce, "Likita, autana bai zo ba?"

Na ce yana hanya. Gobe ma zan koma, saura na ƙafa.