Babanka Ya Aske Hortensiya

Frutillar, 9 ga Disamba

Zuwa ga jikana Nibaldo, maigidana da ya gudu Calama ya bar ni,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Allah ya tsare min kai a cikin ramin tagullar nan. Mu nan lafiya, ƙafata ta fara takuwa, sai dai barci ya ƙaurace min, kuma ubanka Froilán ne sila.

Tun da na faɗi a lambu ya kafe sai na koma benensu na Puerto Montt, a sayar da gidan nan. Ranar Asabar ya zo wai zai taya ni aikin farkon zafi. Na ce ya tsinke wardin da ya bushe, ya ɗaure masu hawa katanga, ya baza ciyawa a gindinsu don ƙasa ta riƙe laima. Na shiga ɗora tukunya, sai na ji kukan inji. Kafin in dogara sanda in fito, ya bi shingen furen hortensiya da marigayi kakanka ya dasa ya yi masa ƙwal-kwabo, kamar kanka ranar shiga soja. Duk kunnen furen da ya fara kumbura yana ƙasa. Da sanyi ake rage ta, ba a Disamba da zafi ke shigo mana a nan ba. Har yana share gumi yana cewa in duba, lambun ya fi ƙarfina.

Ban yi kuka ba. Na zuba masa shayi, na ce, "Na yarda, ɗana, zan bi ka. Amma ka bari in ga furen hortensiyar nan sau ɗaya tukuna." Ya rantse da kabarin ubansa, yana zaton zancen makonni ne. Nibaldo, wadda aka aske yanzu ba ta fure sai baɗi.

Ga inda gabana ke faɗuwa. Ranar Lahadi zai dawo da mahaifiyarka Edelmira, ita kuwa a cikin furanni ta girma. Kallo ɗaya za ta yi wa shingen ta gane, kuma ba ta iya ɓoye wa mijinta komai ba. Ni in na roƙe ta, kunya za ta sa ta tona. Kai take ji. Ka buga mata waya tun kafin su taso. Ban ce ta yi ƙarya ba, ta dai kalli tabkin garinmu maimakon shinge.

Ka gaida matarka Yasna da ƙaramar Maite. Gwaggonka Herminia tana gaishe ka. In ka yi sanyin jiki, wasiƙata ta gaba daga hawa na tara na benensu za ta zo maka.

Kakarka,
Clorinda