Na Zana Mugu, Ya Fito Da Fuskar Mijina

Assalamu alaikum Goggo Hafiza.

Don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar. Na jefa kaina cikin masifa, kuma da fensir na yi, fensirin katako irin wanda 'yan makaranta ke taunawa. Ba zan faɗi sunana ba, ki kira ni Mai Fensir kawai. A Kokoro nake zaune, nan gefen unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi. Shekarata tara da aure, 'ya'yanmu uku. Maigidana, Baban Ulfa, kayan gyaran babur yake sayarwa a kasuwa. A bakinsa ma na san filinki, domin maƙwabcin shagonsa, Idrisu ɗan Maraɗi, yakan karanta musu shi a waya duk ranar Alhamis bayan la'asar. 'Yan layin su taru su sha dariya, shi kuma ya dawo gida ya ba ni labari.

Ga yadda abin ya faro. Akwai wani fim ɗin Indiya mai dogon zango da aka juya da Hausa, wanda matan unguwarmu muka mace a kansa. Har zaure muka buɗe a waya, mun fi mu ɗari, har da waɗanda yaren Sango kaɗai suke ji, sai an yi musu fassara. A fim ɗin akwai wata marainiya, akwai jarumin da ke sonta, akwai kuma kawunta, mugu na ƙin ƙarawa mai gashin baki, wanda muka laƙaba wa Kumurci. Bara wata ta turo hoton jarumar da wani ya zana da hannu, na duba na ce wallahi nima zan iya. Ban iya ba, Goggo. Jarumata ta farko da na nuna wa Ulfa, 'yata ta fari, sai ta tambaye ni ko akuya ce ta ɗaura ɗankwali.

Amma ni akwai naci. Ba wanda ya koya min, ni da waya ne da tsofaffin littattafan makarantar yara. Na sha wuya, na kuma koyi abubuwa. Na gane hannun mutum ba abin wasa ba ne, shi ya sa wata shida duk wanda na zana hannunsa na aljihu ko yana bayansa, kamar an tara su gaban alƙali. Na gane idan ka gama ido ɗaya tsaf sannan ka fara ɗayan, sai ɗaya ya kalli unguwar Yakite ɗaya ya kalli unguwar Miskin. Fenti kuwa da kayan kicin na fara. Kurkur yana ba da rawaya mai kyau, bula ta wanki tana yin sama, kofi yana yin launin fata idan ka bi a hankali, ka bari ya bushe sannan ka ƙara. Baban Ulfa har yanzu yana zargin ɓeraye da shan kofinsa. Zoɓo kuwa maƙaryaci ne, ka shafa shi jajir, ya bushe ya koma kalar toka. Ranar da na yi kuskuren amfani da mai sukari, na shanya takardar a taga, kafin in gama tuƙa gozo, tuwon rogonmu, tururuwa sun cinye wa jarumar zani tas.

To, fuska ce ta gagare ni. Wani mai koyarwa a waya ya ce a daina kwafa daga hoto, a sami mutum mai rai a zauna a kalle shi. Wa zan samu? Yara ba sa zama. Ba zan je in ƙura wa mijin wata ido ba. Mutum ɗaya ne a duniya yake zama shiru a gabana, shi ne Baban Ulfa, idan ya dawo cin abincin rana ya kishingiɗa a tabarma kafin ya koma kasuwa. Minti arba'in cif yake yi, ko motsi babu. Sai in ɗauko littafi daga cikin kwallar da nake ɓoyewa, in zauna a bakin ƙofa. Wata goma sha ɗaya ina haka, bai taɓa sani ba. Na cika littafi biyar. Na san kunnuwansa da suka ɗan buɗe kamar hannun tukunya, na san wushiryarsa, na san tabon da sarƙar babur ta bar masa a girar hagu. Furfurarsa ta farko ma ni na riga shi gani, kusan da wata biyu.

Matsalar ita ce yanzu hannuna fuska ɗaya ya sani. Na zana jarumi, Baban Ulfa. Na zana kakar jaruma, Baban Ulfa da ɗan kunne. Har doki na zana ya fito da wushirya. Kuma tunda a wurin mai barci na yi karatuna, duk mutanena ido a lumshe suke, baki a ɗan buɗe.

Sati uku da suka wuce na zana Kumurci riƙe da kofin guba. Wallahi tallahi ban yi niyya ba. Ni Kumurci nake gani a zuciyata. Idon nan a lumshe sai ya ba shi wata irin mugunta, na ji daɗi, na ce yau na zama gwana. Na tura wa ƙawata Fiddausi ita kaɗai, na ce kada ta faɗi wanda ya zana. Ta cika alkawari, ba ta faɗa ba, amma ta jefa shi zaure. Kafin magariba wata ta rubuta cewa wannan ai mai kayan babur ne na layin su Idrisu. Sai a lokacin na sake duba hoton, na ga har tabon gira na saka. 

Goggo, yanzu duk Sank-Kilo, wato Kilomita Biyar ɗin nan, Kumurci ake ce masa. 'Yan acaɓa sun buga hoton sun manna a tankin babur. Mutane na cika shagon, ba saye suka zo ba, kallo. Wata tsohuwa ta taso tun daga Yakite da sandarta, ta tsaya a ƙofar shago ta yi masa tatas da Sango, wai ya ji tsoron Allah ya bar marainiya ta auri wanda take so. Shi kuwa bawan Allah ko kashi ɗaya na fim ɗin bai taɓa kallo ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ya ɗora laifin a kan Yahuza, mai rubuta allunan shaguna a Miskin. Sun taɓa samun saɓani shekara biyu da suka wuce, da Yahuza ya zana masa taya a allo ta fito kamar ƙosai. Maigidana ya ce ramuwa ce, kuma babu mai iya zane a yankin nan sai Yahuza. Yahuza ya rantse har da hawaye, bai saurare shi ba. Ya kai ƙara wurin shef ɗin kartiye, wato mai unguwarmu, an sa musu ranar Asabar da hantsi. Har babbar rigarsa ya ba ni in goge.

Jiya yana cin abinci ya ajiye hoton kusa da kwano yana huci. Ya ce ɗan banzan ya iya, ba zai hana shi wannan ba, kuma duk wanda ya kama tabon nan haka ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dube ni ya ce a duk unguwar nan ni kaɗai ce ban yi masa dariya ba, Allah ya yi min albarka. Na tashi na shiga kicin na yi kuka na gaske, ba na albasa ba.

Ina tsoro. Idan na faɗa, ina jin ba zai ƙara sakin jiki ya yi barci a gabana ba, littattafaina kuwa murhu. Idan na yi shiru, za a wulaƙanta Yahuza a gaban dattawa kan abin da bai ji ba bai gani ba. Na yi tunanin ƙone babbar rigar da dutsen guga don ya fasa zuwa, amma yana da wata. Me zan yi? Kuma in kin san yadda ake zana buɗaɗɗen ido, ki haɗa min da shi.

Taki cikin ruɗani,
Mai Fensir, Kokoro.

*

Wa alaikumus salam, 'yata Mai Fensir.

Na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Da na kai wurin kukan kicin kuma sai na daina. Bari mu fara da abin da ya fi gaggawa.

Kin ɓoye sunanki, sannu da ƙoƙari. Amma mutum nawa ake kira Kumurci a Kilomita Biyar? Matansa nawa? Kuma wa kika ce yana karanta wa 'yan layinsu filin nan duk Alhamis bayan la'asar? 'Yata, kin riga kin amsa laifinki, saura kawai a san bakin da zai fara isar da shi. Shi ya sa na turo miki wannan amsa tun ranar Talata, kafin in saka ta a shafi. Kwana biyu gare ki ki riga Idrisu. Idan kin ce in janye wasiƙar zan janye, amma janyewata ba za ta wanke Yahuza ba.

Ina tare da ke a wasu wurare. Ba ki yi da mugunta ba. Mace mai 'ya'ya uku da ta koya wa kanta zane da kurkur da bula ba abin kunya ta yi ba, kuma ban ce ki daina ba. Batun hukuncin zanen mai rai kuwa na malamai ne, ki tambayi wanda kika yarda da iliminsa, ni ba zan yi miki fatawa ba.

Amma ki duba ɓangarensa. Mutum ya kwanta a gidansa ya saki baki, saboda nan ne kaɗai wurin da ba ya tsoron idon kowa. Wannan fuskar ta barci amana ce a hannunki, ga ta yanzu a tankin babur. Sati uku yana shan tsokana, yana dawowa yana gode miki. Hoton kuskure ne, shirun kuwa da saninki kika yi, kuma shi zai fi yi masa ciwo. Ki nemi gafarar shirun tukuna. Kada ki fake da Fiddausi, ke kika ba ta.

Ga yadda za ki yi. Gobe idan ya ci abincin rana, kafin ya kishingiɗa, ki tura yara maƙwabta. Ki faɗa a jimla ɗaya, ba kewaye-kewaye: ni na zana, Yahuza ba shi da laifi. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. Idan ya sauko, ki ɗauko littattafan nan biyar ki ajiye a gabansa, ki fara da na farko, lokacin da zanenki yake kama da akuya, ya bi su shafi-shafi har zuwa furfurar. Kakar mai ɗan kunne da dokin, ki cire su, ba ranarsu ba ce. Shi da bakinsa ya ce mai zanen ya daɗe yana kallonsa. To ya ga ko waye, ya ga kuma tsawon lokacin. Ban yi miki alkawarin murhu ba zai ci littafi ɗaya ko biyu ba, amma na daɗe ina wannan aiki, ban taɓa ganin namijin da aka nuna wa littafi biyar cike da fuskarsa ya iya ƙone su duka ba.

Daga nan sai Yahuza. Maigidanki ya janye ƙara kafin Asabar, ya taka har Miskin da ƙafarsa ya ba shi haƙuri a gaban mutanen da ya zarge shi a gabansu. Babbar rigar da kika goge ta yi amfani a nan. Ke kuma ki shiga zaurenku ki ce ke ce, ki roƙi a goge hoton. Sunan Kumurci zai ɗan jima, amma fim yana ƙarewa, unguwa kuma ba ta rasa sabon abin dariya.

Maganin hannunki mai sauƙi ne, ki ba shi wasu fuskoki. Ki zana Fiddausi, ta zauna miki awa guda ba motsi, wannan ne tararta. Ki zana kanki a madubi. Kuma daga yau kada ki zana kowa sai da saninsa, kada ki tura sai mutum biyu sun duba sun tabbatar ba mijin kowa ba ne.

Buɗaɗɗen ido kuwa ban san yadda ake zana shi ba, amma na san inda za ki gan shi. Gobe, daidai lokacin da kika ce "ni na zana", ki dubi Baban Ulfa da kyau. Sai dai ki bar fensirin a kwalla.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya wanke Yahuza, ya bar ku tare har ki zana furfurarsa ta ƙarshe, da izininsa. Malam Idrisu, in ka iso nan, ka gaishe min da 'yan layi, kuma kowa ya koma shagonsa.

Taku,
Goggo Hafiza.