Shatin Hannunki a Jikin Motata

Umma,

Jiya da na fita kin sa mahauci Ragab ya yanka rago, kin tsoma hannu cikin jinin kin manna wa sabuwar motata, wai maganin kambun baka. Zafin ranar garin nan namu na Aswan ya gasa jinin har ya ci fenti. Tun asuba nake wankewa ina gogewa, na shafa mata kakin goge mota, amma shatin yatsunki yana nan.

Kada ki fara mini “don kai na yi, ɗana.” Jahilci ne tsagwaronsa, kuma na gaji.

Yau ki hau bas zuwa wurin likitan gwiwarki. Ba za ki shiga motar nan ba sai fentin ya koma yadda na saye shi, kuma ba zai koma ba.

Midhat