An Zana Akuya, An Bar Mu

Zuwa ga Bature mai alƙalamin gashi, wanda ke zama kullum gaban kangon ganuwa, nan Ƙofar Taramniya.

Gaisuwa da ban girma, ranka shi daɗe. Ni ne Barka, tsohon bawa, ɗaya cikin waɗanda sunka yi shekaru suna taka ƙasar gyaran ganuwar ga. Malam ke rubuta mini, kuma na roƙe shi ya bar dariya.

Na farko. Ran Litinin tafintanka ya yi shela cewa za ka yi wa bayin ganuwa zane, don girmamawa. Ranka shi daɗe, zane iri-iri ne garin ga! Matanmu sun ɗauka na ɗaurawa ne, har matata Tasalla ta kyautar da tsohon nata. Mu maza kuwa mun san irin zanen da anka saba yi wa bawa. Mutum uku sun tsere Kalambaina. Ni da gwiwa ta hana ni gudu, sai na sa wando uku, na cusa buzu ciki, na zo.

Na biyu. Kwana uku muna tsaye cikin rana, ina dahuwa cikin buzu, kai kana leƙenmu da ido guda kana tsoma gashi cikin ruwa. Ba bulala, ba tufa. Ran Alhamis anka nuna muna takardar da ka zana: ga bango, ga tsagarsa, ga akuyar maƙwabcina Ummaru tana tuƙa. Mu fa? Ko kunnen mutum babu! Tafinta ya ce wai kango ya fi ban tausayi in ba kowa. To ita akuyar, tubali nawa ta ɗauka?

Na uku, nan ba wasa. Abin ya yi mini zafi ƙwarai. Yayana Nagode, ramin da munka haƙa don bangon ga ne ya rufta mishi. Bai bar ɗa ba, kuma in na mutu ba sauran mai tuna fuskarsa.

Roƙona ke nan: kafin ka tafi da takardar ƙasarku, ka sa mu ciki, mu da munka rage. Tasalla kuma a duba lamarinta, don kwana huɗu ke nan tana ɗaure da bargona. Nagode ba shi iya zuwa ya tsaya maka, amma kowa ya san kamarmu guda. Ka zana ni sau biyu.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi buɗe maka ɗayan idon, shi kai ka gida lafiya.

Wassalam.

Barka, Ƙofar Taramniya, Sakkwato.